Abin da Aka Ɗinke a Wuyan Rigar Baba

Wayyo Allah, duniya! Durƙushe Auta take a tsakar gida tana kuka kamar ranta zai fita, rigunan surukinta bakwai zube a gabanta, duk an farke wuyansu da reza. Marainiya ce, shekara uku tana jinyar Baba tun da ciwon mantuwa ya kama shi. Ita ce wanka, ita ce ba shi abinci a baki, ya ƙoshi ya ce wa baƙi kwana biyu rabonsa da loma. Likita ya ce tsofaffi da yawa na fama da ciwon, a dai kula kada ya ɓata. Shi ya sa ta rubuta sunansa da lambar wayar mijinta a 'yan takardu, ta naɗe a leda saboda wanki, ta ɗinke a wuyan kowace riga.

"Ga su nan!" Yaya Babba, yayar mijin, ta watsa ƙulle-ƙullen cikin kwano. "Asiri! Ke kika juyar wa ubanmu da ƙwaƙwalwa, munafuka!"

"Yaya, don girman Allah ki buɗe ɗaya ki gani..."

"In buɗe ni ma in haukace? Allah ya tsare gatari... kai, tashi ki ba ni wuri!"

Mijin, direban tirela da dawowarsa ke nan, ko kallonta bai iya yi ba. "Ki tafi gidan kawunki sai na neme ki." Haka ta fita tana waiwayen Baba, tana faɗin, "Ya Allah, amanarka ce, Kai ka san gaskiyata!"

Yaya Babba ta ɗauke tsohon zuwa gidanta. Kwana uku kacal! Ta bar ƙofa a buɗe tana surutu a waya, Baba ya sulale. Aka duba asibiti, aka duba tasha, shiru. Da hankalin direba ya gama tashi, ya janyo kwanon nan gaban kowa ya farke ƙulli ɗaya. Lambar wayarsa ce, da rubutun matarsa... Nan take ya fita neman ta.

Da ya isa gidan kawu yana hawaye, Auta ba ta bari ya ba ta haƙuri ba. "Ƙarfe nawa ya fita?"

"Bakwai na safe."

"Aiki ya tafi, lokacin fitarsa ke nan sanda yake kanikanci. Mu je tsohon garejinsu."

Can suka same shi a bakin babban titi, inda aka rushe garejin tun tuni, ƙafarsa na jini, manyan motoci na wucewa dab da shi. Yaya Babba da ta biyo su ta zube tana ihu, "Baba, ni ce!"

"Daga yau kada ki sake taka mini gida," in ji ƙanenta.

Baba ya ɗago ya dube ta. "Baiwar Allah, ban san ki ba." Sai ya kama hannun Auta ya riƙe gam. "'Yata, ina kika shiga? Tun safe nake jiran ki."