Taka, Riƙe, Saki

Da yammacin wata Alhamis na fita sayen man birki. Ƙaramin gwangwani ɗaya, shi kaɗai ya rage mini.

Shagon Baba mai kayan mota yana ƙarshen layinmu, inda kwalta ta ƙare. Na tarar yana shigar da kwalaye zai rufe. Ya miƙo mini gwangwanin, amma bai sake shi ba.

"Auta, motar nan ce har yanzu?"

"Ita ce, Baba. Birki kawai ya rage."

"Wa zai taka maka?"

"Katako zan tokara."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Katako. Ku dai 'yan gidan nan, kanku ya fi noti tauri. Ka bari sai da safe mana. Inda rai ya fita ba a shiga ana surutu da almuru. Ba duk mai amsawa ne mutum ba."

"Da safe mai sayen ƙarafa zai zo."

Sai ya saki gwangwanin. Na biya, na kama hanyar gida.

Motar ta Yaya ce. Tsohuwar motar tsere ce 'yar Japan, ja, mai ƙofa biyu da dogon hanci, ta girme mu duka biyun. Gajera ce ƙwarai, cikinta kamar zai shafi ƙasa. A bayan wani gareji ya tsinto ta, kaji na saka ƙwai a kan kujerunta, ya sa aka jawo ta da igiya har rumfar kwanon da ke bayan gidanmu. Gimbiya ya raɗa mata. Shekara uku muka yi a kanta. Shi bakanike ne, ya dawo daga aiki ya ɗora da wani aikin. Ni kuwa tun da na bar makaranta a aji biyu ba ni da wani littafi sai cikin injin nan. Mun kankare tsatsa har fatar yatsunmu ta ƙare. Mun jira ɗan ƙarfe ɗaya wata bakwai.

A duk shekarun nan Yaya bai taɓa zama a kujerar direba ba. Ko sau ɗaya.

"Sai ranar da ta warke sarai," in ji shi. "Kai dai ɗumama mini wurin, direban motar tsaye."

Cire iska daga birki aikin mutum biyu ne. Ɗaya na kan kujera, ɗaya na kwance a ƙasa da sifana a kan wani ɗan noti. Na ƙasa ya ce taka, na sama ya taka sau uku. Ya ce riƙe, ya danne ya riƙe. Na ƙasa ya kwance notin, mai ya fito da kumfa, ya mayar ya ɗaure. Sannan ya ce saki. Dokar ɗaya ce: ba ka ɗaga ƙafa sai an ce maka saki. In ka ɗaga, iska ta koma, aiki ya ɓaci. Yaya ya ranƙwashe ni a kan wannan har ta zauna mini a ƙashi.

Wata huɗu ke nan da muka zo tayar ƙarshe, ta baya, gefen direba. A ranar ne rediyon motar ya fara aiki, na ƙure shi don murna. Ina zaune ina ɓare lemo. Yaya ya ce taka, na taka. Ya ce riƙe, na riƙe.

Jak ɗinmu tsoho ne, yana yoyo. Bai faɗi ba, sauka ya yi a hankali. Na ji motar ta ɗan zauna, na ɗauka Yaya ne ke gyara tsayinta. Na ci gaba da riƙewa. Na cinye lemona. Har zolayarsa na yi.

Sai da Umma ta shigo da ruwa, kofin ya faɗi daga hannunta.

Likita ya ce ko ƙashi ɗaya bai karye ba. Numfashi ne kawai ya rasa wurin shiga. Kowa ya ce mini jak ne, kwana ne ya ƙare, ba ruwanka. Na karɓa, domin ba ni da wani abin riƙewa.

Umma ba ta ƙara leƙa bayan gida ba. Wata huɗu ta yi haƙuri, sannan ta ce, "Ba zan iya kwana gida ɗaya da abin nan ba. In ta fita da ƙafafunta ka kai ta inda ba zan gan ta ba, shi ke nan. In ba haka ba, Juma'a a zo a yanka ta." Abokan Yaya duk sun ƙi shiga rumfar. Ni kuma ban da motar nan babu wani abu a duniya da ke da sawun hannunsa.

Shi ya sa na shiga rumfar a ranar, rana na gab da faɗuwa.

Sabon jak na saya. Na cire kan batir don kada wani abu ya yi wuta. Da hannu nake taka birkin, in tokare shi da katako jikin kujera, in shiga ƙasa in kwance in ɗaure, in fito in sake. Aikin da muke yi cikin raha ya zama hawa da sauka. Taya uku na gama haka.

Saura ta ƙarshe.

Na ɗaga motar. Na cire tayar, na kwantar da ita a ƙarƙashin gefen motar, don ko jak ya ci amana ta tare. Abin da ba mu yi ba ke nan a wancan karon. Na tokara katako, na shimfiɗa kwali, na zura jikina.

Ƙasan mota duniya ce daban. Sanyin siminti a baya. Warin mai, warin ƙura, warin tsohon ƙarfe. Kwanon rumfa na hucewa, yana ƙas, ƙas. Can nesa wata uwa na ƙwala wa 'ya'yanta kira su shigo gida. Hasken da ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa ya koma ja, sannan toka-toka.

A daidai nan Yaya ya kwanta. Ga inda sifanarsa ta goge fenti.

Na sa sifana a kan notin. Sai na ji katakon ya zame a sama, ya faɗi. Ƙwal.

Kamata ya yi in fito in gyara. Ban fito ba. Na gaji. Wata huɗu rumfar nan ba ta ji kalmar ba. So na yi kawai in ji ta, ko da daga bakina ne. Na faɗe ta yadda yake faɗa, da ɗan jan ƙarshe.

"Takaa."

Motar ta ɗan nutsa, kamar yadda take yi in mutum ya zauna.

Fush. Fush. Fush.

Sau uku. Na ga tiyon birki ya motsa a gaban idona.

Ban ji tsoro ba. Wannan ne abin da har yau nake jin kunyarsa. Daɗi na ji. Hawaye ya gangaro ya shige mini kunne.

"Riƙe," na ce.

Aka riƙe.

Na kwance notin. Mai ya feso cikin kwalba da ƙarfinsa, kumfa na bin sa, irin fesowar da katako bai taɓa ba ni ba. Ƙafa ce a kan birkin nan. Na ɗaure.

Yanzu sai in ce saki. Na ƙi. In na faɗa aiki ya ƙare, in aiki ya ƙare zai tafi.

"Yaya," na ce a hankali. "Kai ne?"

Shiru.

"Na gama wayoyin fitila. Na samo madubin nan da kake nema. Yaya, ka ga fentin?"

Shiru. Kwanon rumfa ya daina ƙara. Kiran uwar nan ya ɗauke. Ko sauro babu.

Sai rediyo ya kama.

Shuuu, sannan kiɗa, ƙasa-ƙasa. Kan batir yana aljihun wandona, notinsa na tokarin cinyata.

Wani wari ya sauko ta ramukan ƙasan motar. Ba na mai ba.

Ɓawon lemo.

A lokacin ne abin ya faɗo mini. Yaya ba ya zama a kujerar nan. Bai taɓa ba. Ko da an ba shi izinin dawowa daga inda yake, ba zai zauna ba, domin ba ta warke ba tukuna.

To wa ke sama?

Na juya kai ina neman tayar da na kwantar.

Ba ta nan.

Tana can jingine da bango, inda muka jingine ta a wancan karon.

Tsss.

Jak. Sabon jak. Na ga hannunsa na sauka kamar ana lallashinsa.

Na yunƙura zan zame. Ƙarfen ƙasan motar ya riga ya taɓa rigata. Ya danne maɓalli. Ya danne ƙashin ƙirji.

Na fitar da numfashi don in sirance. Kuskure ne. Wurin da numfashin ya bari, motar ta cike shi.

Abin da ke sama ya gyara zama. Kujera ta yi ƙara. Na ji ana tauna.

Sai ya yi magana.

"Yaya, in saki?"

Muryata ce.

Ba mai kama da ita ba. Ita ce, da ɗan kaushin da mura ta bar mini a makon da Yaya ya rasu.

"Yaya, ƙafata ta gaji fa."

Tar nake ji. Kiɗan bai rufe komai ba. Daga ƙasa ana jin komai, har tsotsar lemo.

Ashe a ranar Yaya ya ji ni.

Na buɗe baki. Babu iska.

Abin ya yi dariya, dariyata.

"Barci ka yi ne a ƙasan? Bakanike guda!"

Haka na faɗa. Kalma da kalma haka na faɗa masa.

Na buga sifana a ƙarfe. Hannuna ba shi da wurin ɗagawa. Ƙis. Ƙis. Na tuna na ji wannan ƙarar a ranar. Na ɗauka aiki yake.

Idona ya fara ganin taurari. Kunnena na kuka. Wani sashe na zuciyata ya ce kwanta kawai, daidai ne, wurinka ne.

Sai na ji Umma a cikin gida tana jan 'yar kujerarta, tana tari. Tarin da take yi in za ta kira mu cin abinci. Ita za ta shigo. Ita za ta sake gani.

Na tattara abin da ya rage a ƙasan huhuna. Bai kai cikin cokali ba.

"Sa... ki."

Kiɗa ya ɗauke.

Fush. Birki ya taso.

Ƙofa ta buɗe. Ƙafafu biyu suka sauko kusa da fuskata, babu takalmi, babu ƙara. Yatsun na kallon mota, duk da mai su fita yake yi.

Nauyi ya bar kujera.

Motar ta ɗago. Kaɗan. Kaurin yatsa ɗaya.

Na ja iska. Na tura da dugadugai, na murɗa, riga ta yage, fata ta bi ta. Na fito ta gefe ina birgima har na bugi bango.

Rumfar babu kowa. Ƙofar direba a buɗe. Katako a ƙasa. A kan kujera, ɓawon lemo, ɗanye, an ɓare shi zagaye ɗaya bai tsinke ba, yadda nake yi.

Ban tashi ba. Ba ciwon ƙirjin ne ya hana ni ba.

Kaurin yatsa ɗaya. Iyakar abin da na buƙata ke nan. Iyakar abin da ya buƙata ke nan, shi da ya fi ni siranta. Ba jak ne kaɗai ya danne shi ba. Da na sauka daga kujerar nan, ko don in leƙa, ko don in zubar da ɓawo, da ya fito yana zagina. Amma an ce mini riƙe, na riƙe. Na zauna a kansa da dukan nauyina ina cin lemo.

Da safe mai sayen ƙarafa ya zo da mutanensa. Ya zauna ya gwada birkin, ya ce, "Kai, wannan ai ya fi na sabuwa. Ka tabbata a yanka?" Na ce a yanka. Na tsaya har suka gama. Hancin suka fara cirewa.

Baba mai kayan mota ya ga bandejin ƙirjina, bai tambaye ni ba. Cewa kawai ya yi, masu amsawar nan ba sa ƙirƙirar komai, abin da suka tarar a wuri shi suke maimaitawa.

Umma ta sa an rushe rumfar. Ban gaya mata abin da na gano ba, kuma ba zan gaya mata ba. Ta samu barci yanzu. Ni na bar aikin mota, ina ɗaukar kaya a wani shagon fenti. Ba na cin lemo. Ba na zama gaban mota.

Amma kullum in rana ta zo faɗuwa, duk inda nake, ƙafata ta dama sai ta miƙe da kanta ta danne ƙasa. Ta yi tauri har cinya na rawa. An gwada allura, an gwada tofi. Wata rana Umma ta durƙusa ta kama ƙafar da hannu biyu, ta ce, "Saki mana, Auta. Saki."

Ba ta saku ba. Ba a bakin Umma kalmar take ba.

Sai duhu ya gama shiga take sakin kanta, don gajiya. Kafin nan zama nake yi, in riƙe, ina sauraro.