Irin da Muka Sha a Kunu

"Wasila, dubi gabas, hadari na haɗuwa," in ji Illo, yana tsaye a ƙofar gidanmu a Ƙofar Marke, ko babur bai kashe ba. "Ɗauko min buhun nan, gobe da sahe za ni shuka in Allah ya so."



Illo manomi ne a Dundaye, shi zan aura da kaka, in gona ta ba shi abin hidimar biki. Bara ambaliya ta rushe masa rumbu, ya kawo mini wani ƙaramin buhu ajiya. Irin gero ne mai saurin nuna da mahaifinsa ya bar masa, zangarniya-zangarniya ya zaɓe shi. Da bakinsa ya faɗa mini haka. To ni sarauniyar kunya, ta ina zan fara zancen saurayi a gaban Inna? Na jingine buhun a ɗakin ajiya na ja bakina.

Azumi ya zo, gero ya yi tsada a kasuwa har Baba yana dawowa da rabin awo. Inna ta ga buhu, ta gane na Illo ne, ta ɗauka kyautar suruki ce. Wata guda muna shan kunu, har da ni a masu santi, ban san me nake sha ba. Sai bayan salla na tarar da buhun a ninke, tun ranar nake neman bakin faɗa masa.

"Illona... mun shanye shi."

Ya kashe babur. "Mi kunka shanye?"

"Irin. Ban hwaɗa ma Inna ba, kunya nij ji."

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya zauna a kan dakali, ya tashi, ya sake zama.

"Wasila, da yunwa munka kwana bara, ban taɓa buhun ga ba."

Na fashe da kuka. Kukan ne ya fito da mahaifina, Malam Gazali, da carbinsa a hannu. Da ya ji bayani sai ya ce, "Ba komi, Illo. Mu tai kasuwa in saya maka wani."

"Baba, na kasuwa garwaye na, ba a san asalinai ba. In ruwa ya ɗauke da wuri, kara za ni girba. In ban girba ba, ku ma nan birni mi za ku aunowa?"

Baba ya gyaɗa kai. Shekara talatin yana aikin gwamnati yana karantarwa, ban taɓa ganin an gyara masa magana ba sai ranar.

Daga bayan ƙyaure Inna ta ce, "Malam, na ba Ummulkhairi da Hafsat sadaka daga ciki. Wataƙila ba su daka dut ba."

Maƙwabtanmu ne. Amma wa ke bin sadaka ya karɓo? Na rufe fuska.

"Ba namu ba na, amana ta," in ji Baba. "Miƙo min ƙwarya."

Da kansa ya tafi, malami guda, yana sallama a ƙofar mutane yana ba da haƙuri. Ni da Illo muka yi ta kai da kawo, ba mai iya kallon wani.

Mudu biyu ya samo. Illo ya tsoma hannu a ciki, ya ɗebo, ya daɗe yana kallo, idonsa ya cika.

"Shi na, Baba. Ƙaramar gona ɗai za shi isa, amma iri bai mutu ba." Ya sunkuyar da kai. "Sai dai buki... sai a ɗaga zuwa baɗi."

Na san ni na jawo.

"Ba a ɗagawa," in ji Baba. "Mu munka ci rabon bukin cikin azumi. Abin da mudu biyun ga ya haihwa, ko dami biyar na, da shi za ka ɗauki matarka."

Na ruga ciki, wannan karon na faɗa jikin Inna na kira sunan Illo a gabanta, ban ji kunyar komai ba.