Feɗuwar Inna

Kwana biyu ke nan teku ta riƙe Inna. Ta nutsa ɗebo dodon koɗi kamar kullum, ragarta kawai aka tsinta tana yawo a kan ruwa.

Ni aikina fita da baƙi a jirgin ruwa ina nuna musu dolfin, dabbobin teku masu kama da manyan kifaye, a gaɓar tsibirin Jeju. Da muka sauke 'yan kallon ƙarshe da yamma, na riƙe rigar Kawu Man-sik, mai jirgin.

"Kawu, ka taimaka mu koma, ko sau ɗaya."

"Sun-deok, hazo ya rufe. So kike gobe a fito neman mutum uku?"

Yana mita ya juya jirgin.

A bayan duwatsu ya kashe inji. Dolfin suka kewaye mu, ba tsalle ba wasa, sai hucinsu mai ƙarni. Na yi ta kiran Inna har muryata ta dushe.

Sai ga kai ya ɓullo a tsakiyarsu, dab da jirgi, da gilashin nutso a goshi.

"Ke yarinya, tsayawa kallona za ki yi? Miƙo hannu, sanyi nake ji."

Muryarta ce. Na durƙusa na miƙa hannu, Kawu ya damƙe wuyan rigata.

"Me kika ji da ta taso?" ya tambaye ni ƙasa-ƙasa.

Duk mai nutso, in ta taso, sai ta yi doguwar feɗuwa ta saki numfashin da ta riƙe. Tun ina goye na san ta Inna. Wannan karon ban ji komai ba.

"Miƙo mana," ta sake cewa, alhali bakinta na ƙarƙashin ruwa.