Tagwayen Libarba

Da hantsin ranar Asabar aka kira Insfekta Zainul Abideen: an samu gawa a wani kulob na masu wasan harbi da ke bayan garin Dubai. Shi ake turawa idan magana ta shafi Hausawa, domin kakanninsa Hausawan Sudan ne, kuma harshen bai bar bakinsa ba.

Mamacin Injiniya Ɗalhatu ne, ɗan Kano, gwanin kulob ɗin. Harbinsa na farko a gasar ranar, bindigar ta yi wata irin ƙara, ɓarɓashin ƙarfe ya yanke masa jijiyar wuya. Kafin motar asibiti ta iso rai ya yi halinsa.

Insfekta ya sa safar hannu ya ɗauki bindigar. Libarba ce irin ta da, wadda sai an ja ƙarfen baya da babban yatsa an ɗana ta kafin kowane harbi. Gindin bututun ya tsage, dalma ta manne a gefe guda kawai.

Tuni manajan kulob ya nuna mai laifi: Kure, ɗan Kafancan, mai kula da ɗakin makamai. Idan laifin ya tabbata a kansa, kurkuku ne, daga nan a kore shi daga ƙasar.

Insfekta ya tarar da Kure zaune a benci.

"Yallaɓai, ni ajiya kawai nake yi. Injiniya ba ya bari kowa ya wanke masa ita. Cewa yake matarsa ce kawai ta fi ta."

"Yaushe ya wanke ta na ƙarshe?"

"Ranar Alhamis da yamma, shi da Alhaji Nasir. Tare suke zama a tebur, su kwance, su goge, su ɗaura, su miƙo mini in kulle."

"Kyamara fa?"

"Ƙofa take kallo, yallaɓai. Bayan mutum kawai take ɗauka."

"Za ka kwana a wurinmu, Kure."

"'Ya'yana suna makaranta a gida. In biza ta tafi..." Bai ƙarasa ba.

Washegari Insfekta ya je ɗakin binciken makamai. Jami'ar da ke aikin ta ɗana libarbar babu harsashi, ta kama silinda, wato tukunyar nan mai ramuka shida da ke juyawa, ta girgiza ta. Ta yi motsi.

"Bai kamata ta motsa haka ba," in ji ta. "Dole ramin harsashi ya tsaya daidai da bakin bututu. Ko kaucewar da ba ta kai kaurin gashi ba tana lalata saiti. Wannan kuwa ta wuce gashi nesa. Harsashin ya daki gefen bututu ne."

"Tsufa ne?"

"A'a. Ko kamfani ɗaya ya ƙera su rana ɗaya, ba a samun biyu da awonsu ya zo daidai. Shi ya sa ake daidaita kowace silinda da bindigarta da hannu. Wannan ba tata ba ce."

Insfekta ya yi mata godiya. Daga nan ya nufi gidan makoki.

Murjanatu, matar mamacin, ta karɓe shi a falo, idanunta sun kumbura. A ƙofar gida wani dogon mutum mai farin tabarau yana karɓar gaisuwa a madadin dangi.

"Wane ne wancan, Hajiya?"

"Alhaji Nasir ne. Amininsa. Tun jiya bai zauna ba, Allah ya saka masa."

"Shi ma yana harbi?"

"Ai tare suka yi odar bindigoginsu ta hannun kulob, iri ɗaya sak. Tagwaye suke ce musu. Ta maigidana, Baban Turai, tana zuba harsashi wuri ɗaya, ta Alhaji kuwa tana watsawa. Kullum tsokanarsa yake, wai laifin mai hannu ne. Alhaji ya sha roƙonsa su yi musanya, shi kuma sai dariya."

Da yamma Insfekta ya hau ofishin Nasir a unguwar Al Khabaisi, kamfanin tura kaya zuwa Kano. Nasir ya sa aka kawo shayi, amma bai taɓa nasa ba.

"Sunanka yana cikin masu gasa jiya. Me ya hana ka harbi?"

"Wuyan hannuna ne, Insfekta. Na gurɗe shi wajen ɗaga kwali."

"Ranar Alhamis kun tashi daga tebur tare?"

"Tare muka zauna, tare muka tashi. Wallahi yaron nan Kure sakaci gare shi, na sha faɗa wa manaja."

Insfekta ya lura da hannun da aka ce ya gurɗe. Da shi Nasir ya ɗaga butar shayi cike, ko yamutsa fuska bai yi ba.

"Taso, Alhaji, raka ni kulob. Ina son ganin taka."

A ɗakin makamai manaja ya buɗe akwatin ƙarfe ya miƙo libarbar Nasir. Insfekta ya tabbatar babu harsashi, ya tura masa ita.

"Ɗana ta."

Nasir ya sa babban yatsa ya ja. Ƙarfen ya tafi rabi ya cije. Silindar ta ƙi juyawa. Ya sake ja, gumi na tsattsafo masa a goshi.

Insfekta ya karɓa, ya zare sandar tsakiya, silindar ta fito da ƙyar. A fuskarta akwai sabuwar kankarar magagari, ƙarfen na ƙyalli.

"Kyamara ta nuna Injiniya ya fita sallar La'asar ranar Alhamis, kai ka zauna. Ka ce mini tare kuka tashi. Wa ya goge wannan da magagari?"

Nasir ya cire tabarau ya ajiye a tebur.

"So nake in ci shi sau ɗaya," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Sau ɗaya tak. Na ji ana cewa sirrin saiti a silinda yake. Na ce ai kamfani ɗaya ne, lamba na bin lamba. Da ya tafi salla na musanya. Tawa ta shige tasa salin-alin. Tasa ta ƙi zama a tawa, na ɗan goge ta, duk da haka ta cije."

"Sai ka bar shi da taka."

"Na zo da wuri ranar Asabar in mayar. Na tarar ya riga ni, har ya shiga fili. Ina tsaye a bayansa, Insfekta. Kalma ɗaya ce, in ce masa dakata. Kunya ta hana ni. Na ɗauka iyakaci ya kuskure allo, mu yi dariya."

"Da ya faɗi kuma, ka ga ga Kure a kusa, ka jingina masa laifin," in ji Insfekta.



Insfekta ya yi wa ɗan sandan da ke bakin ƙofa alama, ya zo da ankwa. Sannan ya ciro waya ya kira ofis.

"Ku saki Kure. Ku ba shi wayarsa ya kira gida tukuna."

Ana fita da Nasir ya tsaya a bakin mota ya waiwayo.

"Don Allah kar a gaya wa Murjanatu sai an yi jana'iza. Ni ta ce in shiga gaba wajen ɗaukar makararsa."

"Daga nan wurinta na nufa," in ji Insfekta. "Za ta samu wani ya ɗauka."

Ya rufe ƙofar motar.