Mangwaron Petagaye

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci, Petagaye ta jera shinkafa da wake mai madarar kwakwa da soyayyar kaza a kan tebur. Mahaifinta, Maas Linval (a wajenmu "Maas" lakabin girmama dattijo ne), ko kallon abincin bai yi ba. Idonsa na kan turakun nan masu jan ƙyalle da ma'aikatan titi suka kakkafa, tun daga shinge har gindin mangwaron tsakar gida.

Sabon titi za a ja daga babban birninmu Kingston zuwa garin Ocho Rios, irin wanda sai ka biya a ƙofa kafin ka hau. Masu zane suna can cikin sanyin ofis suka ja layinsu, kuma duk faɗin tsaunukan nan layin bai ga wurin bi ba sai tsakar gidan tsoho. An musanya masa gidan da wani a kan tudu, ya haɗiye wannan. Mangwaron ne ya tsaya masa a wuya. A wajenmu in an haihu, binne cibiyar jariri ake yi a dasa bishiya a kai. Marigayiya matarsa ce da hannunta ta dasa wannan a kan cibiyar Petagaye.

Suna zaune sai ga Orane, saurayin Petagaye, wanda har an sa ranar bikinsu. Matsalar ɗaya ce: shi ke tuƙa babbar motar haƙa ta kamfanin titin.

"Ga surukinmu, sarkin rusau!" in ji Anti Icilda, yayar tsohon, wadda bakinta bai san hutun Lahadi ba. "Abinci ka zo ci, ko kicin ɗin ka zo aunawa?"

"Haba Anti!" Petagaye ta ce.

Orane ya cire hula. "Maas Linval, gobe aiki zai iso nan. Na roƙi ogana ya bar mini bishiyar, ni zan—"

"Kai za ka kayar da ita?" Tsoho ya buga tebur har cokula suka yi tsalle. "Ka shigo gidana ka faɗa mini wannan?"

"Ba kayarwa ba, ranka ya daɗe. Ɗauke ta zan yi, da saiwarta da ƙasarta, in kai ta sabon gida."

Anti Icilda ta tuntsire da dariya. "Ɗauke ta! Tunkiya ce? Yaro, ka raina mana hankali!"

Washegari da suka zo kwashe sauran kaya, ƙarar injin yankan katako ce ta tare su. Orane na saman mangwaro, rassa na zubowa ƙasa ɗaya bayan ɗaya, har wanda aka ɗaura wa Petagaye lilo tana ƙarama. Bishiyar da ke rufe rabin gida ta koma kututture mai guntayen hannaye.

"Maci amana!" Maas Linval ya kwatsa ihu. "Ka ce ba za ka kashe ta ba!"

"In ban rage rassan ba ba za ta rayu ba! Saiwar da za ta rage ba za ta iya shayar da su ba!"

"Rufe mini baki!"

Petagaye kuka take kamar ranar da aka binne uwarta. Ita ma, gaskiya, ranta ya ɓaci da Orane. Amma ta ga yadda ya sauko ya hau motarsa, yana haƙa nesa da gindin a hankali, ya ɗago bishiyar da ƙaton curin ƙasarta, aka naɗe da buhuna, aka ɗora a tirela. Mai son kashewa ba ya wannan wahala.

Da aka kafa kututturen a gaban sabon gida, tsoho ya nuna shi da sanda. "Ka ga wannan gawar? In ta yi ganye, ka zo ka ɗauki 'yata. In ba ta yi ba, kada ƙafarka ta sake taka gidan nan. Biki kuma na fasa!"

"Dadi, ni fa ba yarinya ba ce," Petagaye ta ce cikin hawaye. "Amma ba zan yi aure da fushinka a kaina ba. Zan jira."

Aka shiga rani. Kullum bayan tashi daga aiki Orane zai hauro tudu da jarkokin ruwa, ya tsaya bayan shinge, Petagaye ta karɓa ta zuba. Ranar biki ta zo ta wuce, kututture na nan ko ganye ɗaya babu. A ƙasa kuwa titi na ta miƙewa, ya raba ƙauyen biyu, ko gadar tsallakawa ba a yi mana ba. Duk lokacin da tsoho ya hango kwalta a inda ɗakinsa yake a da, sai ya juyo ya sauke haushin a kan Orane.

Anti Icilda ba ta gaji ba. "Ke, shekaru na tafiya kina bautar icen girki! Ga ɗan fasto can ya dawo daga Kanada, mota har biyu."

"Anti, ki aure shi mana, ai ke ma ba ki da miji!"

Sati guda Anti ba ta kula ta ba.

Wata safiya, bayan ruwan farko, Petagaye ta fito shara ta tarar da mahaifinta tsaye gaban kututturen da bokiti a hannu. Ruwa yake zuba wa gindin, kuma daga gani ba yau ya fara ban ruwan nan a ɓoye ba. A kan guntun reshe, ga wasu 'yan ganye jajaye masu taushi sun tsiro.

Anti ta leƙo ta taga. "Jajaye? Ai ƙonewa suka yi!"

"Icilda, ki yi mana shiru!" tsoho ya ce. "Haka sabon ganyen mangwaro yake fitowa."

Da yamma Orane ya iso da jarkokinsa, ya tsaya bayan shinge yadda ya saba. Maas Linval da kansa ya buɗe masa ƙofa.

"Titin nan na tsane shi, kuma har in mutu ba zan hau shi ba," ya ce. "Amma ba kai ka zana shi ba. Na rasa wanda zan kama, na kama ka. Shigo, ɗana."

A gindin wannan mangwaro aka yi liyafar bikin, inuwarsa ko ango da amarya ba ta gama rufewa ba, Anti Icilda kuma ta fi kowa rawa.

To 'yan'uwa, in abu ya fi ƙarfinku kada ku huce a kan wanda ya tsaya yana ceto muku abin da ya saura. Masoya kuma ku yi haƙuri da iyaye, don wani lokaci mai zagi da yamma shi ne mai ban ruwa da safe.