Mai Rowa

Kular kunun gyaɗa. Tabarma. Carbin Baba. Kwalaben allura shida, naɗe cikin ɗankwali a ƙasan jaka.

Abin da Madina ta ɗauko ke nan daga gidansu a Ƙofar Dumi, za ta asibiti. Tana cikin keke, ta rungume jakar kamar za a ƙwace. Kwana huɗu mahaifinta, Malam Ladan, yana ɗakin kulawa ta musamman, na'ura ce ke taya shi numfashi. Ciwon huhu ne, maganin da ake ba shi bai karya zazzaɓin ba. Kunun ba mai sha, Inna ce ta ƙi daina damawa. Allurar kuwa ƙanin Baba ne, Baffa Hammajoda, ya ɗauko daga kemis ɗinsa.

"Ki lallaɓa nas ta zuba masa a ruwan da ake ƙara masa," ya ce mata. "Su takarda suke jira, mutum yana tafiya."

Ta kasa tunkarar nas. Sai ta tsaya a tagar ɗakin magani, inda wani dogo mai tabarau yake, sunansa a ƙirji: Mansir. Ta kwance ɗankwalin a gabansa.

Ya dubi kwalaben, ya dube ta. Kallo na biyu ya fi daɗewa.

"Wane gado?"

"Na uku. Babana ne."

"Yana shan kafso a gida?"

"Ja da rawaya. Ko gajiya ya ji sai ya buɗe biyu a kunu. Tun ina firamare."

Mansir ya cire tabarau. A nan ta ga shi ma ya tsorata.

"Ƙwayar cutar ta saba da magani," ya ce. "An kai majinarsa ɗakin gwaji, gobe za a san wanda ke kashe ta. Wannan idan aka ƙara masa da ka, ƙodarsa ce za ta tafi. Ba zan bari ya shiga ba."

"In bai kai goben ba fa?"

"Ban sani ba. Ba zan yi miki ƙarya ba."

Ya zuba kwalaben a durowa ya murza makulli.

"Mai rowa kawai," ta ce, hawaye na zuba.

"Na karɓa." Ya dubi kular kunun da ta ajiye a gefe. "Ba ni lambarki, Mai Kula."

Bayan la'asar saƙonsa ya shigo: "Zazzaɓi bai sauka ba, bai kuma hau ba. Ki sha kunun nan."

Ta rubuta: "Kai ma tsoro kake ji?"

"Ƙwarai. Kin sha?"

Washegari Baffa ya zo yana faɗa a baranda, wai wani yaro da ya yi karatu a waje ya hana yayansa magani. Yana cikin faɗan likita ta fito da takardar gwajin. Magani bakwai aka gwada a kan ƙwayar. Shida ba su taɓa ta ba, har da allurar Baffa. Ɗaya ya rage, wani tsohon magani da aka daina yayinsa.

Ɗaya. Madina ta zauna a ƙasa.

Kwana tara tana kallon ƙofar ɗakin da Baba yake. Duk sanda aka buɗe sai ta miƙe. An fito da na gado na biyu a rufe, ta yi kuka kamar nata ne. Kullum da hantsi saƙo ke zuwa: "An ba shi a kan lokaci, Mai Kula." Rana ta bakwai ta amsa: "Kar ka daina rubuto min, Mai Rowa, ko bayan an sallame mu."

"Ban yi niyya ba," ya rubuto.

Rana ta tara aka cire na'urar. Abin da Baba ya fara nema kunu ne.

Bayan wata huɗu iyayen Mansir suka zo neman aure. Baffa ya ce sam, wanda ya kulle magani yana kallon mutum a bakin kabari ba zai riƙe mace ba.

Malam Ladan ya bari ya gama. Har yanzu numfashinsa gajere ne.

"Hammajoda, shekara ashirin kana ba ni duk abin da na roƙa. Shi sau ɗaya ya hana. Na ba shi Madina."

Aka ɗaura aure ranar Asabar a ƙofar gida. Inna ta riƙe hannun Madina: "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya raba ku da gadon asibiti."

Washegari da hantsi Gwaggo Sauda ta kai wa amarya abin kari. Da za ta tafi ta kwance bakin gyale, ta danƙa mata ƙulli.

"Ja da rawaya ne, maganin sanyi. Kowace amarya tana sha. Kar ki nuna wa angon."

Madina ta dubi ƙullin, ƙarar na'urar nan ta dawo mata a kunne. Ta yi godiya, ta raka Gwaggo har soro, ta dawo ta ajiye shi a tafin Mansir.

"Kulle shi tare da na Baffa."

Ta rufe ƙofa.

"Daga yau masu rowa biyu ne a gidan nan."