Ɗigo Uku a Jikin Kwanrod

Ana tsakiyar juyi a filin wasan mota na hanyar Roni injin motar Zaharadeen ya fashe. Kafin la'asar magana ta game Kazaure: ai injin da mace ta haɗa ne.

Bahijja ce macen. Ta yi karatun injiniya, ta daɗe a garejin Oga Daudu tana haɗiye habaici, kafin Zaharadeen ya karɓe aikin motarsa daga hannun Oga ya ba ta. Yanzu Zaharadeen ya rantse a filin, in laifinta ne ba za ta ƙara riƙe sufana a garin ba.

A garejin Oga, a gaban kowa, ta kwance injin. Kwanrod ɗaya, ƙarfen da ke tura fistin sama da ƙasa, ya karye gida biyu. Ta jera huɗun a kan buhu.

"Ukun nan ƙirarru ne, su na saka. Ƙirarre in ya sha wuya lanƙwasa yake yi. Wannan zubi ne, irin na tukunya. Ku dubi bakin karayar, kamar tsaki."

Ta fara da Ukasha, mai kawo mata kayan gyara.

"Malam Ukasha, nawa ka kawo min?"

"Huɗu, kwali ɗaya. Ke da kanki kika ɗora su a sikeli."

Haka ne, ranar nauyinsu ɗaya. Ta juya ga Zaharadeen.

"Bayan na gama, wa ya taɓa motar?"

"Ba kowa. Canjin mai kawai Oga ya yi, ranar da kika tafi biki garin Gwiwa."

Oga Daudu ya ƙyalƙyale da dariya. "Injiniya, canjin mai ne zai karya ƙarfe? Boko dai bai iya ɗaure noti ba."

Bahijja ta durƙusa gaban buhun. Ta wanke karyayyen da fetur, ta ɗaga shi sama. Ɗigo uku a jikinsa, uku a murfinsa.

"Ni da fenti nake yin lamba, Oga. Duk garin nan mutum ɗaya ne ke buga ɗigo da ƙusa don kada murfi ya rikice. Fistin na uku, ɗigo uku. Kai ka nuna min, kana cewa hannun mace ba zai iya ba. Hannunka ya saba, ko ɓarna kake yi ba ya mantawa."

Aka shiga binciken garejin. A ƙasan akwatin kayan aikin Oga aka samo ƙirarren na huɗu, da lambar fentinta.

"Tun yana goye nake gyara motocin gidansu," in ji Oga Daudu, yana nuna Zaharadeen. "Rana ɗaya ya wuce ni ko gaisuwa babu, wai ina Injiniya? A garejina!"

Zaharadeen ya matso kusa da Bahijja, ya yi ƙasa da murya. "Ki yi haƙuri."

"Ba a nan ba," ta ce. "A filin da ka yi rantsuwa, da irin muryar da ka yi ta."

Ta ɗauki ƙirarren ta ajiye shi kusa da 'yan uwansa.

"Malam Ukasha, miƙo min sufana."